Kawu Maniru, Ban Sa Hannu Ba

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da hantsin ranar Talata, 11 ga Fabrairu 2025, daidai da 12 ga Sha'aban 1446, Allah ya karɓi ran kawuna, Malam Maniru Muhammad Sani, a gidansa da ke Sifawa, bayan jinyar da ba ta cika mako biyu ba. An yi masa sutura bayan azahar. Ya bar matarsa, Inna Hafsat, da 'ya'ya biyar. Ni ce Bahijja, ɗiyar ƙanwarsa Zainabu ta Shagari, kuma ɗalibarsa.

Kawu, yau wata guda ke nan, kuma akwai maganar da ta tsaya mini a rai. Ka tafi ka bar aikinka na ƙarshe bai shiga ba, sai aka ɗora mini hukuncinsa: ko in bar shi ya wuce da sunanka a jiki, ko in tsayar da shi. Zan faɗi abin da na yi, amma bari in fara gaya wa mutanen gida ko wane ne suka binne.

A Bodinga an san ka da malamin lissafi na sakandare, mai zama gaban kwamfuta a gindin dalbejiya, wanda rabin unguwa ke kawo waya caji a solarsa ba ya karɓar ko na gode. Kaɗan ne suka san cewa shekara tara kana cikin wasu 'yan sa-kai na ƙasashe daban-daban da ke gina wani yare na rubuta manhaja. Duk manhajar da ke cikin waya, mutum ne ya zauna ya rubuta ta. Akwai kuma wata babbar manhaja da ake kira kompaila, ita ke karɓar rubutun, ta duba shi, ta juya shi zuwa abin da na'ura ke ganewa. Wasu lissafe-lissafen, kompailar ce ke yin su tun lokacin haɗawa, ta ajiye amsa a shirye, kamar uwargidan da ta gama daka tun da safe don kada baƙi su iso su tarar da ita bakin turmi.

Ayyukan da ke irin wannan lissafi kashi biyu ne. Akwai tabbatattu, waɗanda aka yi wa duniya alkawarin ba za su canja ba. Akwai na gwaji, waɗanda gobe ana iya sauya su ko a watsar. Ƙa'idar da kake gadi ita ce tabbataccen aiki ba ya jingina da na gwaji, ko kai tsaye ko ta bayan gida. In ya jingina, kompaila ta ƙi, ta watso maka jan rubutu. Hanya ɗaya ce tak ta wucewa: wata alamar sassauci da ake liƙa wa aikin, ita ma sai mai gadi ya sa hannu. Kai ne mai gadin, kuma a shekara tara sau huɗu ka sa hannu.

Ni kam na ɗanɗana. Aikina na farko da na shiga cikinku, kompaila ta yi ta ƙi, na gaji, na liƙa alamar da kaina na tura, ina cewa ai kawuna ne a ƙofa. Ka mayar mini da shi a gaban mutanen Indiya da Brazil, cikin ladabi kamar ba ka taɓa goya ni a keke ba. Wallahi na ji haushi. A wajen wani suna a Bodinga na gaishe ka a tsaye, na juya.

Ka ce, “Ke ɗiyar Zainabu, da ni kike hushi ko da kompaila?”

Na ce da ku duka. Ka yi dariya har hularka ta goce, sannan ka ce, “In kika ce ma mutum dubu abu ya tabbata, gini za su yi bisa. Ran da kika janye, ba ke kaɗai za ki faɗi ba.” Asabar uku a jere kana hawo babur har Shagari, muka warware aikin muka sake shi ba tare da alamar ba. Daga baya na gane haka kake yi wa kowa. Ba ka taɓa cewa a'a ka tsaya nan ba, sai ka nuna wa mutum inda zai bi. Bayan rasuwarka wani bawan Allah da bai san inda Sakkwato take ba ya rubuto mini cewa ƙin da ka yi masa ne ya koya masa sana'ar.

Aikinka na ƙarshe na albasa ne. Abokinka Alhaji Musa na Lambara duk shekara yana asarar kusan kashi ɗaya cikin uku na albasarsa, tana ruɓewa a rumbu idan zafi ya kama. Ka ƙera ɗan akwati da za a rataye a ciki, ya riƙa auna zafi da danshi, ya aika saƙo a waya in lokacin juya albasa ya yi. Batirinsa ƙarami ne, don haka dole kompaila ta yi lissafin tun farko. Ka rubuta aikin da zai yi haka, mai kyau ƙwarai, ka miƙa shi don kowa ya amfana. Sai dai ya jingina da lissafin lambobi masu ɗigo, irin su biyu da ɗigo biyar, wanda har yanzu na gwaji ne, domin ba a tabbatar kowace na'ura za ta ba da amsa ɗaya ba. Da hannunka ka rubuta a ƙarƙashinsa: “A jira.”

Mako guda da rasuwarka, abokan aikinka suka ba ni gurbinka. A ranar kuma suka kawo shawara: sabuwar fitowar yaren na nan tafe farkon Maris, a liƙa wa aikinka alamar sassauci, ya shiga cikin tabbatattu, a rubuta sunanka a goshin sanarwa. Mutum goma sha ɗaya suka amince, kuma don ƙauna suka yi. Saura hannuna. Na yi kuskuren gaya wa Inna Hafsat tun ban yanke ba. Rabon da in ga fuskarta ta saki tun kafin ka kwanta jinya, sai ranar. Ta ce, “Ashe sunan Malam zai zaga duniya?” Ta gaya wa mata masu zuwa gaisuwa, ta gaya wa 'ya'yanka. Alhaji Musa shi ma ya aiko yana tambayar akwatuna, don an fara cire albasa.

Na so in sa hannu, Kawu, Allah ya sani. Na ce bari dai in gwada. Na haɗa aikin a kwamfutata, na sake haɗa shi a taka, wadda ƙirarta daban ce. Cikin amsa dubu huɗu, uku suka saɓa, a lambar ƙarshe. Uku kacal! Ga albasa wannan ba komai ba ne. Amma in ya tabbata, ban san wa zai ɗauka gobe ya auna maganin jariri da shi ba, kuma ba a janye alkawarin in an yi. Na zauna har aka kira la'asar ina kallon allon. Sannan na rubuta musu cewa ban amince ba, na jera amsoshin nan uku. Babu wanda ya yi musu. Sanarwa ta fita ranar da aka sa, babu aikinka a ciki.

Akwatunan Alhaji Musa na sake musu lissafi da cikakkun lambobi. Bai kai naka kyau ba, amma yana aiki. Guda goma sha biyu na rataye yanzu a Lambara da Horo Birni.

Abin da ya fi mini nauyi shi ne komawa Sifawa. Na sami Inna Hafsat a ɗakin takaba, na durƙusa na gaya mata ni ce na hana. Ta ci gaba da jan carbi. Can ta ce, “Shi ya ce a jira?” Na ce da hannunsa ya rubuta.

Ta ce, “To mu jira. Shekara ashirin da shida ina jiran ya taso daga gaban wagga na'ura tuwo na hucewa. Ba yau zan fara ba.”

Muka yi dariya, daga nan kuka ya ƙwace mana mu duka biyun.

Ya Allah, ga bawanka Maniru ya zo gare ka. Ka gafarta masa, ka yalwata kabarinsa, ka sa ilimin da ya bari ya riƙa isa gare shi, ka haɗa shi da iyayensa a Aljannar Firdausi, albarkacin wannan wata na azumi. Ina miƙa ta'aziyyata ga Inna Hafsat da 'ya'yansa, da mahaifiyata, da Alhaji Musa, da jama'ar Sifawa, Bodinga da Shagari baki ɗaya. Allah ya ba mu haƙurin rashinsa, ya kyautata namu ƙarshen. Amin.

Bahijja Kabiru, Shagari