Mai Talabijin da Cikin Auta

Yayata aikinta leƙen cikin mutane. A asibiti take, a wani ɗan ɗaki mai gado ɗaya da koren labule. Sai ta shafa wa mai juna biyu man nan mai sanyi, ta goga mata na'ura a ciki, hoto ya fito a allo. Shi ya sa mata suke ce mata Mai Talabijin. Ni dai ban taɓa ganin komai a allon ba sai hayaƙi, amma ita sai ta sa yatsa ta ce ga kai, ga ƙafa, ga ja'irin yana tsotsar hannu.

Mijinta Malam mutum ne mai karatu, kuma bai taɓa yarda da na'urar ba. A wurinsa abin da ke cikin mahaifa Allah kaɗai ya bar wa kansa sani. Na'urar dai ita ke ɗora rabin tukunyar gidan, kuma ban taɓa jin ya tura kwano gefe ba.

"Shisshigi ne," yakan ce.

"Malam, ni ba sani nake yi ba, gani nake yi. Wanda ya yi cikin ai shi ya yi idon."

"To, shi ya ce ki jona idon da lantarki?"

Haka suke tun suna da baƙin gashi, ba wanda ya ci, ba wanda ya gaji. Ita ba ta kunna na'ura sai da bisimilla. Shi kuma in mace ta zo neman addu'ar ciki, sai ya yi mata, in ta kai ƙofa ya ce, yana kallon wani wuri, "Ki ɗan biya ta wajen mai ɗakina ma, ba don komai ba."

Autarsu ta daɗe da aure ba goyo, ciki yana shiga yana zubewa. Da wani ya zauna, sai suka raba aiki: Malam ya kama addu'a, Yaya ta kama awo. Kowa a ransa yana ganin nasa ne ya riƙe cikin, kunya ce kawai ta hana su faɗa.

Cikin ya tsufa, har an fara ɗinkin 'yan riguna, sai Auta ta ce tun jiya ba ta ji motsi ba. Ni na raka ta asibitin. Malam ya biyo mu ya zauna a bencin waje, don ɗakin nan bai taɓa taka shi ba.

Yaya ta shafa mai, ta goga na'ura. Ta daɗe. Ta ƙara mai, ta sake gogawa, sannan ta ɗan karkatar da allon daga wajen Auta. Hayaƙin ban iya karanta shi ba, amma fuskar yayata na iya, kuma tsoro ya kama ni.

"Mama, barci yake yi?"

Yaya ta yi salati a hankali. "Zuciyarsa ta tsaya, Auta. Sai haƙuri."

Kukan ne ya shigo da Malam. Ya ɗaga labule, ya tsaya gaban allon, ya ciro tabarau ya saka.

"Sake dubawa. Ba ke kike cewa wani lokaci yaro kan juya baya ba?"

"Na duba, Malam."

"Ƙarfe ne fa. Yana kuskure."

"Yana yi. Yau bai yi ba."

Ya daɗe yana kallon allon. "In na roƙa fa?"

"Roƙa. Amma 'yarka za ka roƙa wa, ita ce da sauran aiki a gabanta. Sai ta yi naƙudarsa."

Ta goge wa Auta man da gefen mayafinta, ta ja mata riga, ta fita kiran likita. Malam ya zauna a kujerar aikinta, ya kama ƙafar Auta da hannu biyu. Bakinsa yana motsi, amma ni da nake kusa da shi ban ji ko kalma ɗaya ta fito ba.