Kurar Bakin Kanal

Shekarar da ɓarin jikin yayana ya shanye, ni aka ɗora wa aikin fita da shi tafiya kowace safiya. Ban nemi aikin ba. Na yi ritaya daga koyarwa ke nan, ina shirin in miƙe ƙafa in yi ƙiba, sai likita ya ce ƙafar hagun nan 'yan watanni gare ta: in an taka ta za ta dawo, in an bar ta za ta sandare, kuma ta tafi ke nan. Yana faɗa yana kallona, sai ka ce ni na shanye ta. Katanga ɗaya ce ta raba gidana da na Yaya a ƙauyenmu da ke tsakanin Kura da Bunkure, don haka babu inda zan ɓuya.

An ba shi sandar asibiti, ta ƙarfe mai 'yan ƙafafu huɗu a ƙasa. Yaya ya tsani sandar nan tsana mai tsanani. Mutum ne da ya tsufa a noman shinkafa da alkama, wanda a da yake saɓa buhun taki ya haye ƙaramin kanal a kan itace ɗaya. Yanzu in ya fito da sandar, duk wanda ya gamu da shi sai ya karkata kai ya ce, "Sannu Alhaji, ya jiki?" Sannun nan ita take karya shi. Mukan bi hanyar da ke kan babban kanal mu kai kwalbatin farko, wanda ko mai jego za ta kai, sai ya tsaya ya ce, "Auta, mu koma." Auta yake ce mini har yau, da furfurata da jikokina. In na ce a ƙara ko taku ashirin, sai ya tuna mini cewa ni ba likita ba ne, malamin firamare ne, na firamaren ma mai ritaya. Ni kuma ba a san ni da haƙuri ba. Sau biyu ina barin sa a tsaye in yi gaba cikin fushi, in dawo ina jin kunya. Kullum ina kallon ƙafar tana ƙara nauyi, kuma ina jin tsoro, ko da yake ban taɓa gaya masa ba.

Hanyar kanta kuwa ina son ta. Ƙarshen damina ne. In rana ta ɗan leƙo, ruwan kanal yakan yi tururi, wani farin hayaƙi marar nauyi ya kwanta a kansa ya malala cikin gonaki, har ka kasa gane inda ruwa ya ƙare da inda shinkafa ta fara. Shinkafar ta sunkuyar da kai ta soma ja. Balbelu na tsaye a kan kunyoyi ba motsi. Can nesa, wajen Kura, injinan casa sun fara gurnani ƙasa-ƙasa. In mutum ya bi tafiyar Yaya, taku ɗaya, jan ƙafa, hutu, sai ya ji kamar shi a tsaye yake, gonakin ne suke wucewa a hankali ta gefensa. Akwai safiyar da nakan koma gida in kasa tuna ko mun yi magana a hanya.

Ana haka sai labarin ya shigo gari. Wani ɗan kasuwa ne ya kawo shi ƙofar masallaci bayan la'asar: kura ta ƙwace wa mai ita a gangaren kanal, wajen ƙofar ruwa ta uku, ta karya masa ƙafa, ta faɗa cikin ciyawa, har yanzu ba a fito da ita ba. To, makon da ya wuce gardawa sun zo kasuwa da wata kura mai takunkumi a baki, kowa ya gan ta, yara sun bi ta. Ba wanda ya tsaya tambaya. Kafin magariba an ce ta cinye akuya biyu. Washegari an ce an ji kukanta. Masu zuwa gona ta wannan ɓangaren suka koma zagayawa ta titi.

Hajiya, matar Yaya, ta ce tafiya ta ƙare. "Mutumin da ba ya iya tsere wa kaza za a kai wa kura?" Ni ma a raina na ce shi ke nan, ƙafa ta tafi. Ga mamakina sai Yaya, da yake kishingiɗe a zaure, ya yunƙura ya zauna sosai.

"Auta, shiga ɗaki ka ɗauko mini bindigar Baba."

Mahaifinmu yakan taɓa farauta a zamaninsa, tun kafin a haƙa kanal, lokacin da wajen nan duk daji ne. Bindigarsa doguwa ce, irin wadda ake ɗura wa albarushi ta baki, an ɗaure ƙotarta da fata. Yaya ne ya bi shi daji yana saurayi. Ni makaranta aka kai ni, abin da na taɓa kashewa mafi girma shi ne ɓera. Na zaro ta daga bayan akwati, ta yi tsatsa, zanzaro ya yi gini a bakinta.

Hajiya ta ce, "Alhaji, da wane hannun za ka harba?"

"Da wanda ya rage."

"Albarushin fa?"

"Kura ta san babu ne?"

Ni dai ban yarda da bindigar da ba komai a cikinta ba, kuma da akwai ɗin ma da tsorona ya fi haka, don a hannun Yaya ni ne abu mafi kusa da za ta samu. Na buga wa 'yata da ke karatu a birni waya ina ƙorafi. Ta yi dariya har da tari, ta ce, "Abba, a ƙasashen da ke da manyan namun daji, masu yawon daji feshin barkono suke riƙewa fa. An ce ya ma fi bindiga, seriously." Da na gaya wa Hajiya, ta ce in dai barkono ne ai an zo gidansa. Ta daka busasshen barkono har ya yi laushi, ta tankaɗe, ta ɗura a gorar roba, ta huda murfin da ƙusa mai zafi. Ta miƙo mini tana cewa, "Malam, in ta zo ka matsa mata a ido. In ka gudu ka bar mini miji, kada ka biyo ta ƙofar gidan nan." Haka muka fita washegari, babba da bindiga marar albarushi, ƙarami da kayan miya.

Sandar asibiti tana zaure, ba wanda ya tuna da ita. Yaya ya juya bindigar, ƙota a ƙasa, ya riƙe ta wajen baki yana dogarawa. Tsawonta ya zo masa daidai, har ta sa shi miƙe baya. A bakin gari muka gamu da wasu dattawa biyu. Na jira sannun da na saba ji, sai ɗaya ya ce, "A'a, Alhaji, kai za ka fitar mana da ita? Allah ya ba da sa'a!" Yaya ya ɗaga kai kawai, irin yadda Baba yake yi. Ranar muka wuce kwalbatin farko bai ko dube shi ba.

Kwanakin da suka biyo baya sun cakuɗe mini, ba na iya jera su. Hanya ta zama tamu mu kaɗai. Ba babur, ba keke, sai mu da tururin ruwa. Yaya yakan tsaya ya sunkuya a kan laka, ya daɗe yana duban sawu, ya ce wannan na kare ne, wannan na tunku, wannan na damo. Ya fara magana, shi da ya yi wata biyu ba ya haɗa jimla uku. Ya nuna mini inda wata kuka take a da, inda Baba ya taɓa sa shi kwanciya rub da ciki tun hantsi har azahar suna jiran zabin daji. Ya ce duk inda muke takawa ɗin nan ƙaya ce da geza, ruwa sai an yi tafiyar rabin yini. Yana faɗa, ni kuma sai in ga shinkafar ta dushe a idona, dajin ya taso daga cikin hayaƙin, har ina jin kamar in na waiwaya zan ga Baba yana biye da mu da ɗan gajeren wandonsa.

Tsoro kuwa bai bar ni ba, kada in yi wa kaina ƙarya. Kowane kututture kura ne. Kowane motsin ciyawa kura ne. Gorar barkono tana hannuna har ta yi gumi. Amma da daddaɗan abu a cikin tsoron, don kullum muna ƙara nisa. Ranar da muka kai ƙofar ruwa ta biyu na lura ya daina jan ƙafar, ɗaga ta yake yi kaɗan, yana direwa. Bayan kwana goma sha wani abu muka kai ta uku, inda aka ce abin ya faru. Gangaren yana da tsayi a wurin, kuma doguwar ciyawar ruwa ta cika ƙasan har ta fi mutum tsayi. Yaya yakan bi gefen ruwa, ni in bi gefen gona, kamar yadda ya tsara. Muka yi kwana uku muna wuce wurin muna dawowa.

A rana ta huɗu an rage ruwa daga sama, kanal ya janye, ciyawar ta kwanta. Tururi ya yi kauri ƙwarai ran nan. Ina ɗan gaba da Yaya sai na gan ta: baƙin abu a cikin ciyawa, gaba a ɗage, baya a ƙasa, daidai yadda kowa ya san tsayuwarta. Ban yi salati ba, ban yi ihu ba, ban tuna da Yaya ba. Na miƙa gora da hannu biyu na matsa da duk ƙarfina. Abin da 'yata ba ta gaya mini ba, Hajiya ma ba ta gaya mini ba, shi ne a duba inda iska take kaɗawa. Barkonon nan kaf ya dawo fuskata.

Na durƙusa ina atishawa, ina tari, ina kiran sunan Allah. Da ƙyar na rarrafa na ɗebo ruwa na wanke ido. Da na samu na buɗe ɗaya, abin yana nan bai motsa ba. Sai na ga taya. Na ga ƙarfen turawa guda biyu sun yi sama, da katako, da wata jarka a maƙale. Kura ce kuwa, ba a yi ƙarya ba. Kurar tura kaya ce, irin ta masu ga-ruwa da 'yan dako. Ta ƙwace wa mai ita a gangare, ta bi ta kan ƙafarsa, ta faɗa ciyawa. Duk abin da ɗan kasuwan nan ya faɗa haka yake, kalma da kalma. Mu ne muka sa mata haƙora.

Dariya ta kama ni ga hawaye ga majina. Na juya ina nunawa. "Yaya! Yaya, dubi kurar taka! Wallahi yau sai garin nan ya ji."

Bai yi dariya ba. Yana tsaye dogare da bindiga, yana kallon ruwa.

"Na gan ta tun ranar da muka fara zuwa nan," ya ce. "Sawun tayarta yana nan a gangare, ko makaho ya shafa zai gane."

"Ka sani? Ka bar ni ina ta fama da faɗuwar gaba?"

"Auta." Ya gyara riƙon bindigar. "In ka faɗa a gida, yau za a mayar da ita bayan akwati. Gobe in fito a ce mini sannu."

Fushin da na ɗauko ya zube. Tausayinsa ya kama ni, irin wanda ban taɓa ji ba ko a ranar da aka kwantar da shi a asibiti, don a ranar bai roƙe ni komai ba.

Na ce, "To mai kurar fa? Abin sana'arsa ne."

"Karaya ce da shi, yana wajen mai ɗori. Ba zai tura komai ba sai ya yi kwana arba'in. In ya tashi, ni da kai za mu fito masa da ita, mu kai masa har gida." Ya dube ni a karon farko. "Kwanakin da suka rage nake so. Ka bar mini su."

Tun muna yara Yaya umarni yake ba ni. Ban san muryarsa tana da wannan ƙasa-ƙasan ba.

Na tuɓe takalmi, na naɗe wando, na gangara. Laka ta kama ni har gwiwa. Na jawo ciyawar da ta kwanta, damƙi bayan damƙi, na lulluɓe tayar, na lulluɓe ƙarfen turawa, na danna jarkar ƙasa. Na daɗe ina yi, don ban so ko gefen katako ya fito. Da na hauro ina haki, ban same shi a inda na bar shi ba. Ya yi gaba, wajen ƙofar ruwa ta huɗu da ba mu taɓa kaiwa ba, tururi ya rufe shi zuwa ƙugu. Sai da na yi sauri kafin na cim masa.