Tuwon Babanmu a Firjin Mota

Shekarun baya, lokacin da nake noman shinkafa a gonar da mahaifinmu ya bar mana a bakin kanal tsakanin Kura da Bunkure, in girbi ya zo nakan kwashe kwanaki ina kwana a gona. In an yanke shinkafa an tara, ba a tafiya a bar ta sai injin casa ya zo, shi kuwa mai injin kullum gobe yake zuwa. Ni da abokina muke ɗaura tamfol a gindin wani mangwaro, mu shimfiɗa tabarma, mu yi ta jira.

Da na gaji da garin kwaki da burodi, sai na sayi wani ɗan firjin mota na gwanjo, irin wanda ake jona wa batir. Ranar da na fara shirya shi da kaina, na zuba miya da zafinta, na ɗora robar zoɓo a kan soyayyen kifi, na bar rabinsa fanko. Kafin mu isa gona komai ya hautsine, kifi ya koma ja, abokina ya ce bai taɓa cin kifi mai ƙanshin kanumfari ba. Labarin ya kai kunnen mahaifiyata, wadda ta yi shekaru tana sayar da abinci a Kura kafin ciwon ƙafa ya zaunar da ita. Ta yi dariya har da hawaye, ta ce, "Daga yau in za ka gona ka biyo ta nan. Kai da firjin naka duk ba ku da wayo."

Tun daga nan ita ke shirya mini. Takan dafa komai tun jiya, ta aika firizar maƙwabta ya daskare. Abin da za a ci a ƙarshe shi ke zuwa ƙasa, na ranar farko a sama, don kada mu riƙa tone-tone sanyi yana fita. Ɗanyen nama a roba mai murfi, can ƙasa, kada jininsa ya taɓa komai. Duk inda ta ga rata sai ta cusa ledar ruwa mai ƙanƙara. In ta gama ta rufe, ta dafa murfin da tafin hannu, ta ce, "Ban da yawan buɗewa. Ba madubi ba ne."

A wata kaka na biyo kamar kullum. Na sauke firjin a tsakar gida, na koma waje ina ta faɗa da mai injin a waya, ban ga yadda ta shirya ba. Da na dawo na tarar ta rufe, tana zaune tana kallonsa. Na ce, "Inna, an gama?" Ta ce an gama, Allah ya tsare.

Ranar farko muka ɗumama miyar taushe, babu gishiri ko kaɗan. Abokina ya ce, "Yau Inna ta yanke mana hukuncin hawan jini." Muka yi dariya, muka barbaɗa yaji muka ci.

Washegari da rana na ɗaga ledojin ruwa, sai na ga wani kwanon silba mai murfi da na daɗe ban gani ba. Kwanon mahaifina ne. Na buɗe, tuwon dawa ne mai laushi da miyar kuka, an zuba man shanu, an tsinka naman ƙanana an cire ƙashi, yadda ake yi masa bayan haƙoransa sun zube. A lokacin ya yi shekaru da rasuwa.

Na kira wayar ƙanwata, wadda ke zaune tare da ita, na ce ta ba ni Inna. Na ce, "Inna, na ga kwanon Baba a cikin firji."

Ta ce, "Eh, nasa ne. Ka ɗumama masa sosai, ba ya son mai sanyi. Kuma ka ce ya daina tsayawa cikin ruwan kanal ɗin nan, ƙafarsa za ta tashi."

Can ta ce, "Kana ji na?" Na ce ina ji, zan faɗa masa. Har yau ban san dalilin da ya sa na ce haka ba.

Na koma na kwashe sauran kayan firjin gaba ɗaya a kan tabarma. A ƙasa, inda nama ya kamata ya kasance, silifas ɗinta ne guda ɗaya a ƙulle cikin leda, an kewaye shi da ƙanƙara tsaf. Abokina ya duba. Can ya ɗauki kwanon ya ɗora a wuta, ya yi bismilla ya ci, domin ni na kasa. Da ya wanke hannu ya ce, "Tashi ka tafi gida. In mai injin ya zo ina nan."

Na same ta a tsakar gida tana tsince shinkafa, lafiya lau. Ta tambaye ni ko har an casa. Da na ambaci kwanon, ta ce, "Wane kwano? Allah ya jiƙan malam, me zai yi da tuwo?" Ta kalle ni kamar ni ne na ruɗe.

Ƙanwata ta ja ni zaure, tana magana tana share ido da bakin hijabi. Ta ce, "Yaya, an yi watanni ana haka. Ta bar tukunya a wuta har ta ƙone. Ran nan ta fita gidan suna, wani mai babur ne ya dawo da ita daga hanyar Garun Malam. In ta dawo hayyacinta sai ta ce kada in gaya maka, kana da girbi a gabanka."

Muka kai ta asibiti a Kano. Likita ya yi mata tambayoyi, ta amsa wasu, ta yi dariyar wasu. Da muka fito ya ce mini gigin tsufa ne, magani zai ɗan rage masa gudu amma ba ya warkewa, mu dai mu riƙa lallaɓa ta, kada mu riƙa yi mata gardama.

Shi ya sa da wani girbin ya zo ban hana ta shirya firjin ba. Takan zauna ta jera abin da hannunta ya kai gare shi, wani lokaci albasa da sabulu, wani lokaci ɗanyen gero a kofi. In ce na gode, in ɗora a mota. In na fita daga Kura sai in tsaya a bakin kanal, in kwashe, in jera abincin da ƙanwata ta miƙo mini a ɓoye ta ƙofar baya. Ban taɓa yin wannan tsayuwar ban yi kuka ba, ƙato da ni, masu babura suna wucewa suna kallona.

Zuwana na ƙarshe da firjin, ta leƙo zaure ta daɗe tana dubana, sannan ta juya ta ce wa ƙanwata, "Ki ba bawan Allahn nan ruwa, da alama nesa zai je." Ba ta kai wata kakar ba.

Mutane kan tambaye ni yaushe ta fara manta ni, don su gane alamar a nasu iyayen. Nakan ce su dai su riƙa lura da ƙananan abubuwa, su daina mayar da su abin dariya. Amma ainihin amsar ba ni da ita. Ni ne ɗanta na fari, saboda kunya ba ta taɓa kiran sunana ba tun da ta haife ni, daga "kai" sai "wannan yaron". Don haka ban san ranar da sunan ya fita daga ranta ba. Wataƙila ya daɗe da fita ina ta shiga ina fita, ina cewa Inna sai na dawo. Allah ya jiƙanta, ya haɗa ta da malam ɗinta.