Eriyar Yayan Matata

Yayan matata ya sauka gidanmu a unguwar Al Nahda, nan ƙasar Larabawa inda nake aiki, don ganin likitan ido. Tsohon sojan Nijar ne, na sashen sadarwa, ba ya dariya sai da dalili. Kwana uku da zuwansa na dawo daga aiki na tarar ya ɗaure eriya a baranda, ya jona ta da wani ɗan akwati.

Wai tauraron ɗan'adam na sojojin Rasha yake saurare. Ɗansa soja ne can arewa da Agadas, wata biyu babu labari. A ganinsa, tunda Rashawa suna Nijar, ta sama maganarsu ke bi. Ni dai shuuu kawai nake ji, kamar ana suyar ƙosai. Shi kuwa sai ya ɗaga yatsa: "Ka ji? Yau sun cika surutu. Akwai abin da ake shiryawa."

Wallahi a ƙasar nan ko hoton wani gini ka ɗauka sai ka yi bayani, balle eriya mai kallon sama. Gidan da sunana aka kama shi, bizata kuma ta aiki ce, ƙiris ya isa a soke ta. Amma ta ina zan fara ce masa ya sauke ta? Wan mata suruki ne, ko ido ba na haɗawa da shi. Na bi ta wajen matata, ta ce ita ma ba ta iyawa, shi ya riƙe ta bayan rasuwar babansu. Na daure na ce, "Yaya, iska ba za ta kayar da ita ba?" Sai ya ƙara mata igiya.

Mai gadin benen ya daina amsa gaisuwata. Wata Talata bayan la'asar aka ƙwanƙwasa ƙofa. Mutum biyu ne cikin fararen kaya, murya ƙasa-ƙasa. Baranda suka nufa, ba su tambayi hanya ba.

Ɗayan ya ce da Turanci, "Kayan wa ne?"

Yaya Faransanci ya yi, bai san me aka ce ba. Yana zaune, ido ɗaya liƙe da auduga. Nuna shi kawai zan yi, hannuna ya ƙi ɗaguwa.

Na ce, "Nawa ne."

Suka naɗe wayoyin a hankali, suka karɓi fasfona, suka ce in same su a ofishinsu da safe. Da suka fita, Yaya ya tambaye ni ko sun bar ɗan akwatin, don bai ji na yau ba tukuna.