Wasan Jika da Kaka a Waya

Yayana malami ne a wata makarantar kuɗi a Ƙaura Namoda, kuma tun yana yaro bai taɓa gaida kakarmu da hankali ba. Ita tana ce masa mijinta marowaci, shi yana ce mata tsohuwar da ta ƙi mutuwa. Haka muka tashi muka gani, ba wanda ya taɓa ɗaga kai.

Ranar wani suna a Dauran ya tarar da ita zaune da kwanon fura. Ya fizge kwanon, ya ɗaga sandarta sama, ya ce, "Ke tsohuwa, yaushe za ki tafi mu huta?" Ta yi kukan ƙarya, mata suka bushe da dariya. Ashe wata baƙuwa tana ɗauka da waya.

Bidiyon da ya fita a intanet bai kai ga dariyar ba. Sanda ce a sama, da tsohuwa tana kare fuska, a ƙasa an rubuta cewa malamin makaranta ne ke dukan tsohuwa. Kafin mu koma gida har 'yan uwanmu na Shinkafi sun kira. Mutanen da ba su san hanyar Dauran ba suka yi ta tsine masa. Na rubuta cewa kakarsa ce, aka ce to ai ya fi muni. Raina ya ɓaci, na kashe wayar.

Makaranta ta ce ya ɗan huta. Kaka da kanta ta hau mota ta je ta sami shugaban, ta ce, "Yaro, wanga mijina na, wasa muka yi." Ya ba ta kujera da ruwan sanyi, ya ce ya sani sarai, amma iyayen yara sun riga sun gani. Hutun bai ƙare ba har yau. Yanzu awon gero yake yi a kasuwar Zurmi.

Rashin aikin bai dami Kaka kamar ɗaya abin ba. In ya je gaishe ta, durƙusawa yake yi daga bakin ƙofa. Ta ce, "Marowaci, ina cefanena?" Sai ya duba hannuwan mutanen ɗakin ko da mai riƙe da waya, ya ce, "Ina wuni, Kaka."

Ran nan bayan ya fita ta jawo hannuna, ta rage murya. Ta ce, "Ki tambayo mini shi, mi na yi mashi ya sake ni?"