Neman Aibi a Ginin Ɗan'azumi

Daga Tsafe zuwa 'Yandoto

Tun kafin kiran assalatu na ɗaura wa jakina akumari na fita daga Tsafe, raina a ɓace. Shekarar nan ce ake shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa zuwa Gusau. Abin da ya tashe ni shi ne Sarkin Kasuwarmu zai sa a gina sabon masaukin fatake. Ni kuwa Tanko magini, da ni da ubana muka gina rabin sorayen garin nan, amma wai Ɗan'azumi za a kira daga Gusau. Ɗan'azumi fa! A gidanmu ya koyi kwaɓa ƙasa, ni na nuna masa yadda ake cura tubali. Na ce wa Sarkin Kasuwa, "Baba, yi mini haƙuri in je in ga aikin nasa da idona." Ya ce, "Tahi, in ka ga aibi aikin naka ne." Aibin kuwa na tafi nema.

Da hantsi na sauka 'Yandoto na sayi furar anini wurin wata tsohuwa. Ta nuna mini kufai ta ce nan gidajen malamai suke tun zamanin kakanninta, daga nesa ake zuwa karatu. Na ce, "Inna, sabon zauren can fa?" Ta ce, "Wani Ɗan'azumi ya yi shi, hannu gare shi!" Furar nan ko rabi ban sha ba.

Gusau

Na kwana a hanya, washegari da azahar na shiga Gusau. Dogarai suka leƙa mangalata, suka ga ba komai sai guzuri, suka ce in wuce. Na sauka wurin abokina Malam Isa, dillalin auduga. Bayan la'asar ya zaga da ni gari, shi kuwa bakinsa ba ya hutawa.

"Ka ga kantin Baturen can mai rufin kwano, inda ake awon gyaɗa? Da can marina ce, aka cike ta. Wanga gida na wani Bakano ne mai goro, da tabarma ɗaya ya zo garin. Can Sabon Gari kuma daji ne lokacin da muke yara, yanzu ga tela Bayarabe da kekensa, ga masu aikin hanyar jirgi."

Duk ginin da ya burge ni in na tambaya, amsa ɗaya ce: Ɗan'azumi. Na ƙwanƙwasa bango, na leƙa ƙarƙashin indararo, na kankare yaɓe da farce har wani maigida ya tambaye ni ko lafiya. Wallahi ko tsaga ɗaya ban samu ba. Hassada ta cika mini ciki, aka kawo tuwo da miyar kuka na ce kaina ke ciwo.

Bunguɗu

Aka ce Ɗan'azumi yana Bunguɗu yana gina wa wani falke soro. Na yi sammako, kafin rana ta take na isa. Na same shi bisa bango cikin riga fara sol, ma'aikata na miƙa masa azara, wato tsagin giginyar da ake rufi da shi. Da ganina ya diro ya durƙusa. "Yaya Tanko! Kai ne da kanka? A kawo ruwa!" Ladabin ma haushi ya ba ni.

Na ɗaga kai ina duban rufin, sai murna ta kama ni. Azarar tsakiya, wadda sauran suka hau kanta, ta macen giginya ce. Kowane magini ya san ta namiji ake sawa, ita ce baƙa mai tauri. Ta mace gara ke cinye ta. Masu kawo itace sun cusa masa ita, ƙasa ta shafe ta bai lura ba. Abin da ya kamata in yi shi ne in ja bakina in kai labari Tsafe. Ina! Ga mai gidan tsaye, ga jama'a, na kasa daurewa. Na ɗaga murya na ce, "Ashe haka ake ginin Gusau? Da macen giginya?"

Na jira ya yi musu in kunyata shi. Ya hau ya kankare ta da wuƙa, ya duba, ya ce, "Gaskiyar Yaya ce. Ku sauke rufin nan duka, asarar tawa ce." Falken ya riƙe baki yana ta sa masa albarka. Ni ko kallona bai yi ba.

Komawa gida

Na biyo ta Mada don in ga ƙanwata, na yi kwana biyu ina huce takaici. Ashe ayarin falken nan ya riga ni zuwa Tsafe. Ina sauka Sarkin Kasuwa ya tare ni da fara'a. "Tanko, mun ji labari! An ce saboda azara guda Ɗan'azumi ya warware rufin soro ɗungum. Irin wanga mutum muke nema. Ya kuma aiko ya ce ba shi aza itace ko ɗaya sai wanda ka zaɓa."

Haka aka yi. Na gode Allah da ya dawo da ni lafiya, na gode wa Malam Isa da tuwonsa da ban ci ba. Masaukin na nan gabas da kasuwa, gara ba ta taɓa shi ba, don kowace azara ni na ƙwanƙwasa ta da hannuna. Amma je ka tambayi ko wane ne a Tsafe sunan wurin. Zauren Ɗan'azumi za a ce maka.