Balaraba Mai Zanen Ɗakuna

A shekarar 1981 aka turo Ummulkhairi garin Bodinga aikin rigakafin ƙyanda, aikin da ya shigar da ita ɗakunan matan da ba kowa ke ganin cikinsu ba. A Sifawa ta iske bangon ɗakin wata amarya cike da zanen furanni ja da ruwan ɗorawa, ta tsaya kallo har ta manta da allurar da ke hannunta. A Danchadi, ɗakin wata tsohuwa, babu fure ko ɗaya, sai layuka baƙi da fari masu kauri, sun sarƙe kamar saƙar tabarma. A Dandin Mahe kuwa fadama ce sukutum a bango, ga albasa, ga jigon ban ruwa, ga balbelu, har mutum ya ji kamar ƙafarsa za ta jiƙe.

Ta ɗauka aikin mutum uku ne. Amma duk inda ta tambaya, suna ɗaya ake faɗa mata: Balaraba.

Ranar kasuwar Shagari ta same ta, wata dattijuwa siririya zaune bayan tukwanen da take sayarwa. 'Yar magina tukwane ce, ba ta taɓa shiga aji ba. Da gawayi ta fara zane tun tana yarinya, sai da mijinta direba ya kawo mata ragowar fentin mota sannan ta san launi. Burushinta tsinken kaba ne da take taunawa har ya yi laushi.

"Inna, yaya hannu ɗaya yake yin abubuwan da ba su yi kama da juna ba?" in ji Ummulkhairi.

Balaraba ta yi dariya. "Ɗiyata, ai mai ɗaki nika kallo kahin bango. Tsohuwar Danchadi idonta ya yi rauni, baƙi da hwari kaɗai taka gani. Ta Dandin Mahe ƙahwa ta hana ta zuwa hwadamar da ta girma ciki, shi ne na kai mata ita."

Ummulkhairi ta koma gida ba ta sayi komai ba, maganar na ta yi mata yawo a kai.

Da tsadar 1984 ta zo, sabulu ma sai da layi, fenti ya ɓace a kasuwa. Balaraba ta koma niƙa jar ƙasa da farar ƙasa, ta kankare baƙin gindin tukunya, ta dama da ƙaro. A lokacin gudawa tana ta kwashe yara, iyaye mata kuma ba sa karanta takardun asibiti. Ummulkhairi ta roƙe ta ta zana yadda ake haɗa ruwan gishiri da sukari a bangon ɗakin shan magani.

Balaraba ba ta zana fuskar mutum, saboda haka hannaye kawai ta yi: hannu yana wanke kwano, hannu yana aunawa, hannu yana tallafe da ƙeyar jariri. Kwana huɗu ta yi. Da ta gama, Ummulkhairi ta ga wata mata ta tsaya gaban bangon tana motsa yatsunta daidai da na zanen, ba wanda ya yi mata bayani. Sai Ummulkhairi ta ji hawaye sun zo mata.

Bayan shekara uku aka aiko masu shafe ginin da farar ƙasa. Mata suka taru a ƙofa suka ce ba za a taɓa wannan bango ba, dole masu aikin suka kewaye shi.